Ku Tambaya Mu Amsa: Yini Ɗaya a Dakar Daga Jirgin Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗanmu da ke aiki a Turai ya biya mana, ni da mahaifinsa, kuɗin tafiya a babban jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa. An rubuta za mu tsaya a Dakar daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma. Mu bi motar da kamfanin jirgi ya shirya ne, ko mu fita da kanmu tunda muna jin Faransanci? Kuɗin motar tasu ya yi mana yawa. Daga Hajiya, unguwar Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Kafin maganar mota, a gyara lissafin lokaci. Ƙarfe 6 ɗin nan lokacin tashin jirgi ne. Lokacin da ake son kowa ya dawo yakan riga shi da rabin awa, kuma ana rubuta shi a takardar shirin yini da ake ajiye muku a ɗaki, da kuma allon da ke bakin matakalar sauka. Wannan jirgi ba motar tasha ba ce da ake jira ta cika. An biya masa wurin tsayawa na awoyi ƙidayayyu, gobe kuma ana jiransa a wata ƙasa. Wanda ya makara, shi zai nemi tikitin jirgin sama da masauki, ya tarar da jirgin a tasha ta gaba, duk daga aljihunsa.

A nan bambancin hanyoyin biyu yake. Idan motar kamfani ta maƙale a cunkoso, jirgi yakan jira ta, domin kamfanin ne ya ɗauki nauyin fasinjojin cikinta. Idan takisin da kuka ɗauka ne ya maƙale, babu mai tsayawa dominku. Shawararmu: duk wuri mai nisa, kamar Tabkin Retba da ake kira Lac Rose, wanda tafiyarsa kan wuce awa guda, ku bi motar kamfani ko ku haƙura da shi. Abin da ke cikin gari kuwa kuna iya zuwa da kanku, muddin kun sa wa ranku ku dawo bakin jirgi awa biyu kafin a rufe ƙofa. Cunkoson yamma a Dakar ba na wasa ba ne, don garin tsukakke ne, teku ta kewaye shi ta ɓangare uku.

Sai agogo. Dakar tana bayan Yamai da awa ɗaya, jirgi kuma wani lokaci yakan riƙe nasa agogon dabam da na gari. Da kun sauka wayar salula za ta koma lokacin gari da kanta. In agogon jirgi yana gaba da awa guda, kun makara ke nan ba ku sani ba. Alhaji ya ɗaura agogon hannu, ya daidaita shi da na jirgi da safe. Ku ɗauki hoton takardar shirin yini, saboda a jikinta ake sa lambar wakilin jirgi a tashar. Shi ake kira da zarar an ga alamar makara. Katin jirgi da ake dubawa a ƙofa ya kasance a jikin kowannenku, ba duka biyun a jaka ɗaya ba.

Abu ɗaya zai yi muku daɗi: sefar da ke hannunku ita ake kashewa a Senegal, babban bankin da ke buga ta ma a Dakar hedikwatarsa take. Ku riƙe ƴan jikka ɗai-ɗai da bibbiyu, don mai takisi ba ya cika samun canjin jikka goma. A yi ciniki a gama kafin a shiga mota.

Tambaya: Ni malamin tarihi ne, burina in ga tsibirin Gore da ke kusa da Dakar. Yini ɗaya zai isa? Daga wani malamin makaranta, Tawa.

Amsa: Zai isa, Malam, har da saura, in ka fara da shi. Ƙaramin jirgin fito yana tashi daga tashar fasinja da ke cikin yankin tashar jiragen ruwa, tafiyar kamar minti 20 ce. Amma ba kowane lokaci yake tashi ba, tsakanin wani da wani yakan kai awa ɗaya ko biyu. Tun kana sayen tikiti ka karanta jadawalin dawowa, ka zaɓi wanda za ka biyo, ka tabbatar akwai wani bayansa da zai iya kawo ka kan lokaci in na farko ya cika ko ya wuce ka. Tafi da takardar shaidarka, ana tambaya.

Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, babu mota a cikinsa, da ƙafa ake zagaya shi. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Gidan Bayi shi ne abin da kowa ke zuwa gani, da ɗakunansa na ƙasa masu duhu da ƙofar da ke fuskantar teku. Ba a buɗe shi ranar Litinin, yakan kuma rufe da tsakar rana, don haka jirgin safe za ka bi. A matsayinka na malami ka sani masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida; abin da babu gardama a kansa shi ne tsibirin ya yi ƙarnuka yana hannun Turawan Fotugal, Holan, Ingila da Faransa, kuma an yi cinikin mutane a wurin. Mutane da yawa za su tare ka su ce su ƴan jagora ne. Ka nemi mai katin shaida, ku yanke kuɗi tun farko.

In ka dawo da azahar, gunkin Farfaɗowar Afirka da aka buɗe a 2010 yana unguwar Wakam, kan tudu, ana hawa matakala kusan 200 kafin a kai gindinsa. Mai ciwon gwiwa ya kalle shi daga ƙasa.

Tambaya: Mu samari uku ne, ba mu taɓa ganin teku ba, amma mun iya iyo a kogi. Akwai haɗari in mun shiga? Kuma me za mu kiyaye a cikin gari? Daga wani matashi, Yantala, Yamai.

Amsa: Akwai haɗari sosai, ɗan'uwa, kuma wannan tambaya ta fi sauran tayar mana da hankali. Ruwan kogi gefe ɗaya yake tafiya, kana ganin inda ya nufa. A teku, ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan taru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin da ya fi na kowane gwanin iyo. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda ya ji ana jansa kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo a kaikaice, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, ko ya kwanta bisa ruwa yana ɗaga hannu. Gaɓar arewacin Dakar, wajen Gejawai da Malika, an hana wanka a wurare da dama, kuma duk shekara ana rasa matasa a can. Ku shiga kawai inda akwai masu ceto. In an kafa jar tuta, ku tsaya a kan yashi.

Cikin gari kuwa matsalar ƴan sane ce da masu fizgen waya a kan babur, musamman a cunkoson kasuwar Sandaga. Waya a aljihun gaba, kada a tsaya bakin titi ana ɗaukar bidiyo. Iskar teku tana ɓoye zafin rana, mutum ya bushe bai ji ƙishi ba, don haka kowa ya riƙe ruwan kwalba mai lita ɗaya da rabi. Shinkafa da kifi irin ta Senegal ku ci ta da zafinta, ku bar ƙanƙara da ɗanyen ganye. Wanda gudawa ta kama ya haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya kuma sanar da likitan jirgi, ko da yake ganinsa da kuɗi ne. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Allurar sai ta kwana goma take fara aiki. Idan kuma jirginku zai bi ta tsibiran Kanariya, ƙasar Sifen ce, mai fasfon Nijar yana buƙatar bizar shiga Turai ta Shengen tun kafin ranar hawa.