Katin Barka da Akwatinsa: Amsar Maigida ga Yaron Shago

Ɗana, na duba katin da akwatin da ka bari a kan tebur, na kuma ji tambayarka. Ka ce wata baiwar Allah ce ta ba ka aikin katin barka da akwatin da za ta sa kwalbar humra da turaren wuta ta kai wa ƙawarta mai jego. Ka yi bakin ƙoƙarinka, amma katin ya tsage a wurin ninki, da ya kwana ya lanƙwashe, murfin akwatin ya ƙi shiga sai da ka danna da ƙarfi, kuma da ka jera su sai ka ga ba su dace da juna ba. Kana so ka san daga ina matsalar ta taso.

Zanenka ya yi kyau, hannunka ma ya fara faɗawa. Abin da ya faru shi ne ka faro aikin daga ƙarshe. Ado ka fara yi, sannan ka nemi inda za ka ɗora shi. A wannan sana'a kyautar ake fara riƙewa a hannu, a auna ta, a yi mata akwati, daga akwatin a fitar da kati, ado kuma shi ne na ƙarshe. Saboda haka duk wanda ya zo maka da aiki, ka ce ya kawo abin da za a saka, ko ya kawo irinsa. Kada ka yarda da "ai kamar tafin hannu ne." Tafin hannun wa?

Bari mu fara da tsagewar nan, don ita ta fi damunka. Takarda da kwali suna da jijiya. A masana'anta, lokacin da itacen da aka niƙa aka dama yake gudu a kan injin, zaruruwansa suna kwantawa ne su bi hanyar da injin yake tafiya, kuma haka suke zama bayan sun bushe. In ka ninka kwali tare da jijiyarsa, zai bi ka salin-alin. In ka ninka ka gicciye ta, karya zaruruwan kake yi, shi ya sa bakin ya fashe farin da ke cikin kwalin ya leƙo. Gane ta ba wuya. Ɗauki fallen da hannu biyu ka ɗan tanƙwara shi ta tsawo, kada ka ninka, sannan ka juya ka tanƙwara ta faɗi. Ɓangaren da ya fi laushi, layin da zai ninku a wurin shi ne hanyar jijiya. Ka ja ɗan layi da fensir a baya don kada ka manta bayan ka yanka.

Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210, kuma galibi jijiyarta tana bin tsawon. In ka raba ta biyu ka sami A5 guda biyu, in ka ninka kowace ka sami kati mai 105 da 148, ninkin kuwa ya faɗa daidai kan jijiya. Amma manyan fallayen da muke saya a Sabon Gari, ko ragowar da muke karɓa wurin masu ɗab'i, mai injin yanka ba ruwansa da jijiya, yadda zai fitar da yawa kawai yake dubawa. Waɗannan sai ka gwada da kanka kowane lokaci.

Nauyin ma ka lura da shi. Takardar da ake sa wa injin hoto mai giram 80 ce a kowane murabba'in mita, ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Kati yana son 250 zuwa 300. Kwali mai irin wannan kauri kuma ba a ninka shi haka kawai, sai an yi masa hanya. Nemi biron da tawadarsa ta ƙare ƙarƙaf, ka ɗora rular ƙarfe a kan layin, ka ja sau biyu da nauyin hannu daidai, ba ka yanka ba, ba ka kuma shafa kawai ba. Sannan ka ninka a hankali, ka shimfiɗa farar takarda a kai ka murje da bayan cokali. In ka murza ba tare da farar takardar ba, cokalin zai bar sheƙi a wurin. Da hunturu sai ka ƙara lallaɓawa, don iskar nan tana shanye ɗan danshin da ke jikin kwali ya zama mai saurin fashewa. A irin wannan lokaci nakan bar kayan a cikin ledarsu, ba na fito da su sai zan yanka.

Lanƙwashewar kuma gam ne ya jawo ta. Na ga yadda ka zuba shi, har ya tsattsafo ta gefe. Farin gam irin Top Bond ruwa ne rabinsa. Da ya taɓa takarda sai ta sha ta buɗe, in ta bushe ta tsuke ta janyo kwalin zuwa ɓangarenta. Maganin abu uku ne da suke tafiya tare. Ka shafa kaɗan, da guntun kwali ko ƙaramin buroshi, daga tsakiya zuwa gefe, a jikin takardar da ta fi sirantaka, ka ɗan jira ta gama miƙewa kafin ka ɗora. In ka liƙa wani abu mai faɗi a waje, ka liƙa irinsa a ciki, su ja juna su daidaita. Sannan ka sa aikin tsakanin fararen takardu biyu, ka ɗora katako mai laushin fuska, ka ɗora nauyi, ka bar shi ya kwana. Da damina, musamman a watan Agusta, kwana ɗaya ma ba ya isa. Kada ka kuskura ka kai shi rana don ya yi saurin bushewa. Na san abokan ciniki sukan matsa, amma gara ka ce a dawo jibi da ka miƙa abin da zai murɗe a cikin jakar mai shi kafin ta isa gidan suna. Kuma kada ka danne da tsohuwar jarida, tawadarta tana fita.

Yanzu akwati. A ce ka auna kwalbar da ƙullin turaren, ka bar musu rabin santimita ta kowane gefe, ka ga gindin akwatin zai zama santimita 10 da 10, zurfinsa 4. Sai ka yanka kwali mai 18 da 18, wato 10 da ƙarin 4 ta kowane ɓangare. Ka yi hanya a santimita 4 daga kowane baki. Za ka ga ƙananan murabba'ai huɗu sun fito a kusurwa. Kada ka cire su. Ka tsaga gefe ɗaya na kowanne, su ne kunnuwan da za su shige ciki ka liƙe. Ka ɗan sassabe bakinsu don kada su leƙo sama. Ka kama su da abin shanya har gam ya kama.

Kai kuma da ka zo murfi sai ka yi shi 10 da 10, daidai da gindi. Ta ina zai shiga? Murfi kan gindi yake hawa, dole cikinsa ya fi wajen gindin faɗi. A kwali mai giram 300, ka ƙara milimita 3, ya zama 10.3. In zurfin murfin 2.5 ne, fallen da za ka yanka 15.3 da 15.3 ke nan. In kuwa da kwali mai tauri kake aiki, mai kaurin milimita 2, wanda ake yanka bango-bango a haɗa sannan a lulluɓe da takarda ko yadi, kada ka yanka murfi sai ka gama gindi ka lulluɓe shi. Ka auna wajensa yadda yake a zahiri, sannan ka ƙara abin da lulluɓin murfin zai ci ta ciki da kamar milimita 1 na sakewa. Murfin ƙwarai, in ka ɗora shi, da kansa yake sauka a hankali yana fitar da iska, in ka ɗaga kuma ba ya tahowa da gindin. Ka riƙa yin gwaji da kwalin banza kafin ka taɓa mai tsada. Reza kuma ka canja ta da zarar ka ji tana jan kwali maimakon yanka shi, kuma ka yanka da ja uku marasa nauyi, ba ja ɗaya da ƙarfi ba, yatsunka a bayan rula.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka. Humra tana da maiƙo. In ɗigo ɗaya ya zuba a kwali, zai yi tabon da ba ya fita, ya ratsa har waje. Ka yi wa kwalbar mazauni: ka yanka wani kwali daidai cikin akwatin, ka huda shi daidai gindinta, ka ninka gefensa ƙasa ya zama ƙafa, yadda za ta zauna ba ta motsi. Turaren wutan kuma ya shiga ƙaramar leda ko kwalba mai murfi kafin ya shiga akwati. Ka tuna a Keke Napep za a ɗauki kayan nan, a bi da su ta lungunan cikin birni.

Sai maganar dacewa, kuma a nan nake so ka fi buɗe kunne. Kai ka ɗauka dacewa ita ce duk abin da ka sa a akwati ka maimaita shi a kati, shi ya sa ka cika su da fure da ƙyalƙyali da zare har ido ya rasa wurin sauka. Dubi dattijon da ya iya sa kaya ranar Juma'a. Hularsa ba daga yadin rigar aka yanka ta ba, launi ɗaya ta ɗauko daga aikin wuyan rigar, shi ke nan suka zama abu ɗaya. Haka za ka yi. Zaɓi launi biyu, in ya yi yawa uku, da alama guda ɗaya. In murfin akwatin shuɗi ne da dagi fari a tsakiya, katin ya zama fari da ɗan dagi shuɗi a kusurwa. Ragowar abin da ka lulluɓe murfi da shi, ka yanki siririn layi ka ɗora a gefen katin. Ka kuma auna katin yadda zai kwanta a cikin murfi ko a kan akwatin ba tare da ya zarta ba. Ga akwatin santimita 10, kati mai 9 da 9 ya isa, ambulan ɗinsa ka naɗa da hannu. In kati mai milimita 105 da 148 ka yi, akwai ambulan na kanti mai 114 da 162 da aka yi dominsa.

Ina jin takaici in na ga yaranmu suna kwafo zanen dusar ƙanƙara da balan-balan daga waya, alhali a Kano suke zaune. Je ka Gidan Makama ka tsaya ka kalli bango. Dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, dubi zayyanar da malamai ke yi wa allon sauka da ja da rawaya da kore, dubi yadda dukawa ke yanka fata su saka wani launi a ƙarƙashi ya leƙo. Wannan dabarar ta dukawa tana zama daram a kwali: ka huda zanen a fuskar katin, ka liƙa launi ta baya. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake sayar da aikin hannu a cikinta, har yau za ka sami guntayen jar fata da duwatsun ado a wurin. Teloli kuwa kullum sai sun share ƙyallen shadda da atamfa, ka nemi biyu ko uku ku saba. In yadi za ka liƙa, ka goge shi da dutsen guga tukuna, gam ɗin kuma a jikin kwali za ka shafa, siriri, don in ya yi yawa zai huda yadin ya yi tabo. Yadin da aka rina da baba a marinar Ƙofar Mata yana da kyau ƙwarai a murfi, amma shuni yana zuba. Ka goga shi a farar takarda ka gani. In ya bar launi, kada ya haɗu da farin kati, sai ka sa wata takarda a tsakani.

Rubutu kuma kada ka yi shi kai tsaye a jikin katin. Ka rubuta a kan takarda mai sauƙi, ka ninka ta, ka liƙa ta a ciki da ɗan siririn gam a gindin ninki kaɗai. In hannu ya goce, takardar kawai za ka canja. Ka ja layi da fensir mara nauyi, ka bari tawada ta bushe sarai kafin ka goge. Ka sa mai aikin ta rubuta maka sunan jaririn da hannunta, ka karanta mata ta ji.

Abu ɗaya ne ba na yi a shagon nan, kai ma ba za ka yi ba muddin kana tare da ni: ba ma rubuta aya ko sunan Allah da Larabci a jikin akwati. Akwati in an cinye abin ciki, yara ne ke wasa da shi, ƙarshensa bola ko kwata. A kati ma nakan ba mutane shawara a tsaya a kan gaisuwa da fatan alheri da Hausa, irin su "Barka da arziki" ko "Muna taya ku murna," addu'a kuma a yi ta da baki in an je. Yawancinsu da ka yi musu bayani sukan gode maka.

Wannan da ka yi kada ka kai mata. Zanen gaban katin ka yanke shi da kyau, za mu ɗora shi a kan sabon kwali, don ba zan so a yar da shi ba. Gindin akwatin ma lafiyarsa ƙalau, murfi kawai za ka sake. Ka kira ta ka ce ta turo kwalbar gobe da safe, ka kuma tambaye ta ranar sunan, don mu san ko muna da daren da za mu danne aikin.