Wane tsohon fim ɗin leƙen asiri ne zai zama na'urar finbol?

Tambaya: Malam, ina sha'awar finbol, wasan nan da ake buga ƙwallon ƙarfe a kan tebur mai gilashi. Cikin tsofaffin finafinan leƙen asiri, wanne kake ganin za a sayi lasisinsa a yi masa na'ura nan gaba?

Amsa: Malam, hasashena shi ne The Spy Who Loved Me na 1977, fim ɗin James Bond, ko zamanin da Roger Moore ya fito a matsayin Bond gaba ɗaya.

Kyawun fim kaɗai ba ya isa. Mai ƙera na'ura yana neman abin da zai dasa a kan tebur ƙwallo ta doka: mota, roka, maɓoyar mugu. Shi ya sa The Spy Who Came in from the Cold na 1965, duk da darajarsa a wurina, ba zai shiga ba. Zance ne da zullumi daga farko har ƙarshe. Shi kuwa fim ɗin Moore yana da motar Lotus Esprit mai nutsewa ta koma jirgin ƙarƙashin ruwa, ga mugun nan Jaws mai haƙoran ƙarfe, ga ƙaton jirgin dakon mai da ke haɗiye jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. Ai wannan tun a fim ɗin an gama wa maƙeri rabin aiki.

Sai batun lasisi, wanda shi ne ainihin ƙashin bayan maganar. Ba izini ɗaya ake saye ba. Akwai na kamfanin fim, na kiɗa daban, na fuskar kowane jarumi daban. James Bond ya riga ya bi wannan hanya: na'urar kamfanin Gottlieb a 1980, GoldenEye na kamfanin Sega a 1996, sannan kamfanin Stern na Amurka a 2022, wanda ya tsaya kan finafinan Sean Connery shida. Na Moore guda bakwai, daga 1973 zuwa 1985, suna nan suna jira, kuma waɗanda suka kalle su suna yara su ne yanzu ke da dala dubu 7 ko fiye ta sayen na'ura a gida.

Mutane da yawa za su ce Mission: Impossible, kuma kiɗan Lalo Schifrin ya dace da finbol ƙwarai. Cikas ɗin shi ne jarumin fim ɗin, Tom Cruise. Wasan bidiyo na fim ɗin a na'urar Nintendo 64 na 1998 ya fito ba tare da fuskarsa ba, kuma masu saye ba sa son na'urar da babu jarumin a jikinta.

Abin da zai iya rusa hasashena shi ne Amazon, wanda ya karɓi ragamar Bond a 2025. Idan ya fi son tallata sabon jarumi, Moore zai daɗe yana jira.