Kada ka jona ta tukuna

Jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa na riƙe hannunka lokacin da za ka jona kwamfutar nan da aka tsinto cikin kayan gwanjo, har ka ce ai gara a ba 'yan gwangwan tunda wayar aljihunka ta fi ta ƙarfi. To, yaro, zauna ka ji.

Sunanta Commodore 64. A 1982 ta fito a Amurka, kamfanin da ya ƙera ta kuwa ya durƙushe a 1994. Abin da na hana ka taɓawa shi ne adaftar nan tata mai nauyi kamar bulo. Wuta iri biyu take fitarwa, bolt 5 na DC da bolt 9 na AC. Idan ta tsufa, ɓangaren bolt 5 ɗin kan ƙwace ya haura, ya bi ta kan aisi-aisin RAM, wato ƙananan sassan da kwamfuta ke riƙe bayanai a ciki yayin aiki, ya ƙona su, ba hayaƙi ba ƙara, sai dai ka kunna ka ga allo baƙi ƙirin. Yawancinsu kuma an cika cikinsu da wani ƙaro da ya daskare kamar dutse, ba ta yadda za ka kai ƙarfen dalma wurin. Na taɓa kashe kwamfuta ɗaya haka da hannuna saboda gaggawa, har yau abin yana yi mini ciwo. Saboda haka mitar auna wuta ce farko. Idan ta nuna ɓangaren bolt 5 ɗin ya kusa 5.5, ajiye adaftar gefe, mu haɗa sabuwa. Ka kuma karanta takardar jikinta: ta Amurka wutar 120 take sha, ta Ingila da Jamus ce ta dace da tamu.

Batun 'yan gwangwan kuwa, kada ka sake faɗa. Dubi aisin nan mai lamba 6581. SID ke nan, mai fitar da sauti, murya uku gare shi, kuma an daɗe da daina ƙera shi. Akwai masu neman sa ido rufe, domin har yanzu ana haɗa kiɗa da shi. Masu sha'awar irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci ba kaɗan ba ne. Tun 1997 ake taron Vintage Computer Festival a Amurka, kowa ya ɗauko tsohuwar kwamfutarsa ya baje, a yi ciniki, a koya wa juna gyara. A garin Saarbrücken na Jamus ana taron Revision duk lokacin Ista, inda masu rubuta manhaja ke gasar nuna abin da za a iya matsowa daga irin waɗannan na'urori. A 2018 aka fitar da wata 'yar ƙarama mai kama da Commodore 64 da ake jonawa da talabijin na zamani. A 2025 kuma wani mai shiri a YouTube, Christian Simpson, ya jagoranci sayen sunan Commodore, suka sanar da sabuwa mai suna Commodore 64 Ultimate.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu sha'awar da kansu suka ƙera madadin kayan da suka ƙare. Aisin PLA, mai tsara hulɗa tsakanin sassan kwamfutar, wanda ke yawan ɗaukar zafi ya mutu, yanzu yana da sabon madadi. Akwai kuma wata 'yar na'ura, SD2IEC, da ke ba kwamfutar damar karanta memori irin na waya maimakon faifai.

Ni kuwa ina son ka koyi aiki a kanta ne domin komai nata a fili yake. Ƙafafun aisinta manya ne, kana iya bin layin wuta da ido daga soket har inda ya tsaya.

Ɗauko mita. Idan wuta ta daidaita muka kunna, abin da muke jira shi ne allo shuɗi, da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE, da READY a ƙasansa. Idan baƙi ya fito, ka ɗora yatsa a kan RAM ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mini wanne ya fi zafi.