Amsoshin tambayoyinku: wane gem ɗin tseren ƙananan motoci ya dace da gida a karkara?

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan gem ɗin tseren ƙananan motoci, irin wanda ake jifan juna da ɓawon ayaba da ƙoƙon kunkuru, babu jini babu bindiga. Mun taƙaita wasiƙun, mun haɗe masu kama da juna.

Wani magidanci daga Ɓaɓura: Yarana huɗu ne, babban shekararsa 14, autar 5. Muna da sola da talabijin inci 32. Wasu sun ce in sayi Mario Kart, wasu sun ce Crash ya fi. Wanne zan ɗauka?

Malam, tazarar da ke tsakanin babban da autar ita ce ta yanke hukunci. Ɗauki Mario Kart 8 Deluxe. Ya fito a 2017 a kan Nintendo Switch, kuma a kan na'urar Nintendo kaɗai ake samunsa, babu shi a PlayStation. Duk wanda ya ce zai ɗora maka shi a PS4, kada ka saurare shi.

Gem ɗin yana da taimako iri biyu da aka yi don ƙanana. Na farko yana riƙe wa yaro sitiyari idan ya nufi gefen hanya, ya hana shi faɗawa rami. Na biyu yana taka masa totur da kansa, aikinsa kawai juyawa da jifa. A wurin zaɓen mota ake danna maɓallin + ko −, sai zaɓin ya fito, kuma kowane ɗan wasa da nasa. Za ka gane taimakon sitiyari a kunne yake idan ka ga 'yar eriya a bayan motar. A kunna wa autar duka biyun, a kashe wa babban, a zaɓi gudu na 50cc ko 100cc. Da haka yarinyar za ta riƙa kai ƙarshen tsere maimakon ta tsaya tana dukan bango har ta fashe da kuka.

Crash Team Racing Nitro-Fueled na 2019 gem ne mai kyau, sabunta na 1999 ne, kuma akwai shi a PS4 da Xbox One da Switch. Amma waɗanda suka buga duka biyun kusan bakinsu ɗaya: Crash na masu gwaninta ne. Gudunsa ya dogara ga zamiya a kwana, inda ake riƙe maɓalli ɗaya, a jira hayaƙin salansa ya yi baƙi, a danna ɗayan, har sau uku a jere. Wanda ya iya wannan zai yi wa wanda bai iya ba fintinkau, kayan jifa ba su cika cike gibin ba. Babban ɗanka zai more shi, sauran ukun za su gaji da zuwa na ƙarshe.

Sai lissafin hannuwa. Switch tana zuwa da hannu biyu da ake zarewa daga gefenta, ana kiransu Joy-Con. Kowanne idan an kwantar da shi hannun mutum ɗaya ne, don haka daga kwali mutum biyu za su yi wasa. Don yaranka huɗu sai ka ƙara sayen wasu guda biyu. Allon zai rabu gida huɗu, kuma santsin hoton yana raguwa da rabi idan an wuce mutum biyu. Yara ba su damu ba, amma a inci 32 sai sun matso kusa.

Kada ka sayi Switch Lite. Ta fi araha, amma ba ta haɗuwa da talabijin sam, hannuwanta kuma ba sa zaruwa. Ta mutum ɗaya ce, kuma a gidan yara huɗu rigima za ta haifar.

Wutar sola ma ta goyi bayan Switch. Ita kanta ba ta kai wat 20 ba, talabijin irin taka kuma tsakanin 30 da 50 take ci. Ka ƙaddara wat 60 gaba ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na irin mai ruwa, wanda bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, zai ba ka kimanin wat 600 na awa guda. Wasan awa uku zai cinye kusan 180, saura ya ishi fanka da ƙwan fitila. PS4 da talabijin kuwa za su tasam ma wat 150, wato 450 a awa ukun nan. Bayan haka Switch tana da batirinta, in wuta ta yanke sai a zaro ta a ƙarasa tseren.

Tsere huɗu ne kofi ɗaya, kuma bai cika wuce kwata na awa ba. Ma'auni ne mai sauƙi ga uwar gida: kofi biyu bayan an dawo daga Islamiyya, a kashe kafin magariba.

Wani matashi daga Ɗambatta: Ni fa Mario Kart ya ishe ni. Ina kan gaba tun farko, dab da layi shuɗin ƙoƙon nan ya sauko mini, ƙanwata da ko kwana ba ta iya sha ba ta wuce ni. Wannan ai zalunci ne. Ko in sayar in koma Crash?

Ɗan'uwa, wannan ƙorafin ya girme ka. Shuɗin ƙoƙon, makamin da ke bin wanda ke kan gaba ya buge shi, ya shigo tun Mario Kart 64 na 1996, kuma tun lokacin 'yan wasa suka rabu biyu a kansa. Wasu na ganin yana hukunta wanda ya iya, wasu na cewa ba don shi ba da ƙanne sun daina zama a yi wasa da su. Mu muna tare da na biyun, amma fushinka ba na banza ba ne.

Da gangan aka tsara rabon kayan. Na gaba yakan samu sulalla da ɓawon ayaba, waɗanda aka bari a baya da nisa su ke samun tauraro da harsashi da shuɗin ƙoƙo. Amma akwai kariya. Ƙahon nan mai kama da akwatin lasifika yana tarwatsa shuɗin ƙoƙon idan ka danna lokacin da yake shawagi a kanka, don haka in ka same shi kana gaba, riƙe shi, kada ka ɓarnatar. Laimar kwaɗi, mai ƙara gudu nan take, ita ma tana fitar da kai idan ka danna daidai lokacin da zai faɗo, sai dai wannan yana son sabo. Jan ƙoƙo kuwa ana tare shi da ɓawon ayaba: riƙe maɓallin jifa, ayabar za ta rataye a bayanka.

Abin da ya fi waɗannan shi ne ka ba da tazarar da ko an buge ka ba za a kamo ka ba. Tara sulalla goma, don kowanne yana ƙara gudu kaɗan. A farkon tsere danna totur jim kaɗan bayan lamba 2 ta bayyana. In ka riga ta, injin zai shaƙe. A kwana riƙe zamiya har tartsatsin taya ya tashi daga shuɗi zuwa ruwan lemo zuwa ruwan hoda. Na ukun ba ya fitowa idan taimakon sitiyari yana kunne, kuma a kunne gem ɗin yake zuwa, don haka duba motarka ko akwai eriya.

In kuma da abokanka za ku gwada gwaninta zalla, shiga sashen VS Race. Tun sabuntawar Disamba 2022 ana iya zaɓar kayan da za su fito ɗaya bayan ɗaya, a cire shuɗin ƙoƙon gaba ɗaya. Kada ka sayar. Crash ma yana da nasa makamin da ke bin na gaba.

Wata uwa daga Kiyawa: Ba ni da kuɗin sayen na'ura. Akwai irin wannan a waya wanda ba zai cinye mini data ba?

Akwai, Hajiya. Na farko SuperTuxKart. Kyauta ne, babu talla, babu sayen komai a ciki, kuma bayan an sauke shi ba ya neman intanet. Yana da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, don haka a sauke shi da datar dare ko a wurin da sabis ke da ƙarfi. In wayar ƙarama ce a rage ingancin hoto a saituna. Wayoyi biyu ko uku ma za su iya tsere da juna idan ɗaya ta buɗe hotsifot sauran suka hau. Na biyu Beach Buggy Racing na farko, na 2014, shi ma yana yi ba data. A kula da na biyunsa, mai lamba 2, a waya yana neman intanet.

Mario Kart Tour na waya, wanda ya fito a 2019, ba ya buɗewa sai da intanet, kuma cike yake da tayin saye. Bai dace da ke ba. Ko wanne kika sauke, ki sa wa Play Store tambayar kalmar sirri kafin kowane saye, musamman in an taɓa haɗa katin banki da wayar.

Mai gidan gem daga Gaya: Ina da PS4 biyu da PS2 uku, duk ƙwallo ake bugawa. In na ƙara tsere zai kawo kuɗi?

Zai kawo maka ƙananan yara da rana, lokacin da 'yan ƙwallo ba su fito ba. Kada ka sa ran zai ture ƙwallo. Amfaninsa a wurinka shi ne mutum huɗu a talabijin ɗaya, kuma tsere ɗaya minti biyu zuwa uku ne. Yi kuɗin a kan kofi, kowane kai da nasa, ya fi a kan tsere ɗaya sauƙin lissafi.

A PS4 sa Crash Team Racing Nitro-Fueled. Ya zo da hanyoyi 18 na asali da 13 daga Crash Nitro Kart, kuma PS4 tana ɗaukar hannu huɗu ba tare da ƙarin komai ba. Aibinsa a kasuwanci shi ne jinkirin lodi tsakanin tsere da tsere. In yaran ƙanana ne sosai, Team Sonic Racing na 2019 ya fi sauƙin tuƙi, ana yinsa ƙungiya-ƙungiya ta mutum uku, ana miƙa wa juna kayan jifa. A PS2 akwai Crash Nitro Kart na 2003, amma ramin hannu biyu ne a jikinta, sai ka nemi mahaɗin da ake kira Multitap kafin mutum huɗu su zauna, kuma na babbar PS2 daban yake da na siririya.

Abin da ke kashe PS4 a gidan gem shi ne janareta ya mutu tana tsakiyar ajiye bayani, faifan cikinta ya rikice. Sa mata UPS ko da ƙarami ne, wanda zai ba ka minti biyar ka kashe ta yadda ya kamata. In kuma za ka ƙaro babbar PS2 ta hannu, karanta bayanta kafin ka jona. Ta Amurka bolt 120 take sha, wutarmu 230 za ta ƙona ta nan take in babu tiransifoma mai rage wuta.

Wani daga Ringim: Zan shiga Kano in sayi Switch ta hannu. Me zan duba?

Ko a Farm Centre ne ko Sabon Gari, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Fara da lambar da ke bayan na'urar. Wadda aka gyara a 2019, mai lambar samfuri HAC-001(-01), batirinta yana yin awa 4.5 zuwa 9, ta farkon kuwa 2.5 zuwa 6.5 ne tun tana sabuwa, balle yanzu da ta tsufa.

Sai sandunan hannuwa, waɗanda su ne sanannen ciwon Switch. Sukan fara ja gefe da kansu ba a taɓa ba, kuma a gem ɗin tsere wannan yana nufin mota ta riƙa karkata. Shiga System Settings, sai Controllers and Sensors, sai Calibrate Control Sticks. Saki sandar ka kalli alamar: in ba ta zauna a tsakiya cak ba, a canza maka ko a rage kuɗi. Ƙurar hunturu tana ƙara wannan ciwon, don haka a gida a riƙa rufe ta da kyalle in ba a wasa.

Tabbatar akwai mazaunin da ke haɗa ta da talabijin da cajarta ta asali, mai bolt 15 da amfiya 2.6. Cajar waya ba za ta fitar da hoto a talabijin ba, kuma jabun mazauni ya sha lalata na'urori. A gwada haɗawar a shagon.

In an ce an cika ta da gem kyauta, an yi mata kutse ne. Irin wannan Nintendo yana iya toshe ta daga intanet har abada. In kuma gem ɗin yana kan asusun tsohon mai ita ne, ranar da ya cire na'urar daga asusunsa ka rasa shi. Sayi ɗan katin Mario Kart 8 Deluxe a hannu. Yana da hanyoyi 48 kuma ba ya buƙatar data. Ƙarin 48 da aka fitar tsakanin 2022 da 2023 sayensu ake yi daban ta intanet, kuma iyali za su daɗe ba su gaji da na farkon ba. Sabuntawa kuma, in wani a garinku ya riga ya yi, Switch tana iya kwafa daga tasa zuwa taka idan an ajiye su kusa, ba tare da data ba.

Zafi ma abin lura ne. Kamfanin ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 da 35, alhali a Afrilu da Mayu ɗakin kwano a Jigawa yakan wuce haka da rana. A bari sai da yamma, kuma kada a toshe ramin iskar da ke samanta.

Daga Kazaure: In jira in tara kuɗin Switch 2?

Ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 a kan dala 450, gem ɗinta Mario Kart World kuma dala 80, motoci 24 ke tsere a lokaci ɗaya maimakon 12. Ba ya yi a kan tsohuwar Switch. Amma katin Mario Kart 8 Deluxe yana yi a kan sabuwar, don haka wanda ka saya yau ba zai zama asara ba. Rabin kuɗin da za ka tara ya ishe ka tsohuwar ta hannu mai lafiya, ragowar ka sa a ƙarin hannuwa biyu da batirin sola.