Amsoshin tambayoyinku: me za a saya kafin guguwar farkon damina?

Tun da zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar, saƙonnin da ke shigowa suka karkata wuri guda. Ga huɗu daga ciki.

Wani magidanci daga Bauchi: Bara iska ta yaye mini rufin ɗakuna biyu. Kafinta ya ce in canja kwanon duka in sa mai kauri, amma kuɗina ba za su kai har da katako ba. In sayi kwanon in bar tsohon katakon?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin ka kai kuɗinka kasuwa, tuna yadda ka tarar da rufin bayan iskar ta lafa. In kwanon ne ya yage ya bar kusoshi a jikin katako, to lallai ba shi da kauri. In kuwa a gidan maƙwabci ka tsince shi da katakonsa manne a jiki, kamar yadda aka fi gani, to kwano bai yi laifi ba, ɗauri ne ya saki.

Iska ɗaga rufi take yi. Tana bi ta samansa tana zuƙarsa, in kuma ƙofa ko tagar gabas ta ɓalle, sai ta shiga ɗaki ta turo shi daga ƙasa. Duk lokacin da gudunta ya ninka, ƙarfin da take jan rufin da shi yakan ninka sau huɗu, kuma daga baki da kusurwa take fara ɓamɓara. Kwano mai kaurin milimita 0.55 da aka ɗora kan katakon da gara ta ci, tafiya zai yi tamkar mai araha.

Akwai dalilin da ya sa hadarin Afrilu zuwa Yuni ya fi na Agusta ɓarna. A wannan lokaci iska mai danshi daga tekun Atlantika tana turowa arewa, tana karo da busasshiyar iskar Sahara. Ƙasa ta gasu, hadari ya yi tsiri sama, amma iskar da ke ƙarƙashinsa a bushe take. Ruwan da ya zubo sai ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba, ya sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi ta bazu gaba. Ita ce jar ƙurar da ke riga ruwa isowa, wani lokaci ma a tashi ba ko ɗigo. Ku mutanen Bauchi kun ga irinta a Yunin 2018, ba sai an ba ku labari ba.

Saboda haka ka fara da abin da ido ba ya gani. A hau a duba yadda aka ɗaure katakon da ke kwance kan bango: rodi ko ƙarfen ɗauri ya fito daga cikin linta ya naɗe shi, ba a ɗora shi kan bulo a buga kusa biyu a ce an gama ba. A soka kusa a kowane katako, wanda ya lotsa a fitar da shi. A ƙara tubaitu a bakin rufi da kusurwoyi don tazarar ta matse, a can kuma a buga kusa mai hula a kan kowane tudun kwano. Abin da ya rage sai ka canja kwanukan da suka yi tsatsa a ramin kusa. Ka tsaya a wurin ranar aikin, domin da an rufe an buga silin, ba mai sake ganin ɗaurin. Bulo da duwatsun da ake jerawa a kan rufi kuwa, ina roƙonka ka sauke su. In rufin ya tashi, a tsakar gida za su sauka, inda yara suke.

Wata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo daga Kaduna: Na sa sola da inbata da firiza biyu. Maƙwabciyata tsawa ta ƙona mata inbata. Wani ya ce in sayi sitabilaiza, wani ya ce ƙarfen kama tsawa. Wanne?

Hajiya, sitabilaiza aikinta daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta ɗan yi sama, ba ta da ta cewa a gaban tsawa. Yawancin kayan da ke ƙonewa ma ba a kan gidan tsawar ta faɗa ba. Takan faɗa kusa, ƙarfinta ya biyo wayar wuta ko wayar da ta sauko daga faifan sola. Don haka ki fara da sandar tagulla da za a kafa a ƙasa a haɗa ta da inbata da firam ɗin faifan, sannan ƙaramar na'urar da ke karkatar da wutar da ta yi tsalle zuwa ƙasa, ɗaya a ɓangaren sola ɗaya a ɓangaren wutar gari. Busasshiyar ƙasar bazara ba ta karɓar wuta sosai, sai a zurfafa sandar, a kafa ta inda danshi yake. Ƙarfen kama tsawa yana da amfani in gidanki bene ne ko ya fi na kewaye tsawo, amma in ba a sauke wayarsa ƙasa da kyau ba, kuɗi kawai aka zubar.

Ki sa a duba faifan ma, a ga ko da noti aka ɗaure su a katako ko a fatar kwano kaɗai aka maƙala. Sannan idan kin ga walƙiya ki ƙirga: kowane sakan 3 kafin ƙarar ta iso, kilomita 1 ke nan. In bai kai sakan 30 ba tsawar na kusa, a shiga ɗaki, a dakata minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Zare filogi kuwa tun hadari na haɗowa ake yi.

Wani manomi daga Katsina: An yi ruwa mai kyau sau ɗaya a Mayu. Na sayi irin masara mai tsada. In shuka ko in jira?

Ka jira, Baba. A yankinku damina ba ta cika zama da gindinta ba sai Yuni, ruwan Mayu kuwa yakan zo ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Ma'aunin da masana noma ke bi a yankin Sahel shi ne a samu milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada a yi fiye da kwana 7 a jere ba ruwa a watan da ke biye. Rabin farko kana iya aunawa da kanka: ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, in ruwan da ya taru ya kai santimita 2, ya cika. Rabi na biyu sai ka bi hasashen shekara da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin kamawar damina a ƙananan hukumomi. In zuciyarka ba ta haƙura ba, yi binnen gero da irin gida a wani yanki na gonar. Masarar nan mai tsada, musamman in cikin irin SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ce mai nuna da wuri, jinkirin mako biyu ba zai cutar da ita ba. Takin ma ka riƙe shi sai ƙasa ta jiƙe.

Wata uwar amarya daga Kano: Wayata ta nuna kashi 40 na yiwuwar ruwa ranar biki, saura kwana goma. In kama zaure ko in tsaya kan rumfa?

Allah ya sanya alheri, Hajiya. Hasashen kwana goma a wannan lokaci bai isa a kashe kuɗi a kansa ba. Wanda za ki duba shi ne na kwana uku da NiMet ke fitarwa, shi ma yanki yake faɗa ba unguwa ba, don hadari kan jiƙa Hotoro ya bar Kabuga da ƙura. In akwai hali ki kama zaure. In babu, ki sa taron da hantsi a watse kafin la'asar, tunda daga yamma zuwa dare hadarin ya fi tasowa, ki kuma ce mai rumfa ya zo da turaku da igiya. Manyan hadarin nan daga gabas suke tahowa da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, don haka in kina da 'yar'uwa a Dutse, wajen kilomita 100 daga gare ku, ki ce ta kira ki da zarar iska ta taso musu. Kina da abin da bai kai awa biyu ba ki sa a sauke rumfa, a shigar da tsofaffi da yara ciki.