An tura Hajiya Asibitin Malam, dangi sun ce ɗalibai za su koyi aiki a kanta

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 57, wata huɗu ke nan ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ba ya ciwo amma yana ƙara girma. Likitan babban asibitin garinmu ya ba mu takarda ya ce mu tafi Asibitin Malam Aminu Kano. Kawunnanmu sun hana, wai asibitin koyarwa ne, ɗalibai ke yanka mutum suna koyon aiki, har gwajin magani ake yi a kan talaka. Wani ya ce akwai asibitin kuɗi da za a cire mata a yini ɗaya. Hankalina ya tashi, ban san wanda zan bi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ki riƙe takardar nan da kyau, ku tafi cikin makon nan. Ƙullutu marar ciwo mai girma a maman mace mai shekara 57, ana ɗaukarsa daji ne har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne.

Likitan garinku bai kore ku ba, tsarin ne haka. Asibitin sha-ka-tafi na hannun ƙaramar hukuma, manyan asibitoci na hannun jiha, sannan asibitocin koyarwa, waɗanda manyan cikinsu na gwamnatin tarayya ne, su ne maƙurar da ake tura abin da ya gagara. Na farkonsu a ƙasar nan shi ne na Ibadan, da aka buɗe a 1957. Na Jami'ar Ahmadu Bello ya samo asali a 1967, ya koma Shika a 2005. Asibitin Malam an kafa shi a 1988 domin horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, ya fara zaman aro a Asibitin Murtala kafin ya tare a Titin Zariya. A 2002 aka fara dashen ƙoda a cikinsa. Wurin da ake dashen ƙoda shi kawunnanki ke cewa yara ke riƙe da wuƙa.

Wannan magana ta "ɗalibai" ta kashe mutane da yawa, don haka bari in tsaya a kanta. Ɗalibin likitanci shekara shida yake karatu, kuma sai ya kai aji huɗu yake fara shiga ɗakin marasa lafiya. Ba shi da lasisi. Ba ya rubuta magani, ba ya yanke shawarar tiyata, ba ya yanka kowa. Aikinsa ya tambayi tarihin ciwo, ya duba marar lafiya da izininsa, ya karanta wa malaminsa abin da ya gani, malamin ya sake dubawa da hannunsa. A ɗakin tiyata, in an ƙyale shi ya shiga, kallo yake yi, ko ya riƙe ƙarfen buɗe wuri.

Matasan da kike gani da farar riga suna kai-komo da dare, yawancinsu ba ɗalibai ba ne. Akwai wanda ya gama digiri yana shekarar sanin makamar aiki da lasisin wucin-gadi. Sama da shi rijistara, cikakken likita da ke neman ƙwarewa. Sama da shi babban rijistara, wanda ya ci jarrabawar tsakiyar horo ta kwalejin ƙwararru. Sannan kwansaltan, wanda ya yi shekara biyar zuwa shida ko fiye yana horo bayan digirinsa. Kowane gado yana ƙarƙashin sunan kwansaltan guda, in abu ya ɓaci shi za a tuhuma. Gaskiya ne babban rijistara yana yin tiyata, kuma gaskiya ne koyo yake yi, amma likita ne da ya shekara da shekaru yana aikin, kuma akwai wanda ke kansa. Fayil ɗin Hajiya zai ratsa hannu huɗu ko biyar, kowa yana neman kuskuren na ƙasa da shi, domin a gaban jama'a ake titsiye mutum a zagayen safe. Wa ke duba aikin mai ɗaki biyu a lungu da ya rataya allo ya rubuta "ƙwararre"?

Batun gwajin magani kuwa, tsoron yana da tushe, ba zan ce mutanen Kano sun ƙaga ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Amma ai ba zagayen ɗalibai ne ya jawo wannan ba. Yau ba a sa marar lafiya cikin bincike sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince, an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya sa hannu ko ya dangwala a takarda ta daban, ba ta tiyata ba. In ya ƙi, ba a rage masa komai na magani. Haka Hajiya tana da ikon cewa ba ta son ɗalibi namiji ya duba ta, ko ta nemi nas mace ta tsaya a wurin. Ku faɗa tun farko, cikin ladabi, ba wanda zai ji haushi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tambayarki shi ne "cirewa a yini ɗaya". Ƙa'idar ƙullutun mama mataki uku ce: a duba da hannu har da hammata, a yi hoton mama, sannan a huda wurin da allura mai kauri bayan an kashe zafi, a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Sakamakon kan ɗauki mako biyu ko fiye. In daji ne, ana ƙara wani gwaji a kan naman don sanin irinsa, domin shi ke nuna ko ƙwayar da ake sha shekara biyar za ta yi aiki. Ana kuma hoton ƙirji da na ciki a ga ko ya yaɗu. Sai bayan wannan ake yanke ko tiyata za a fara, ko allurar daji da ake yi duk mako uku, sau shida zuwa takwas, don ƙullutun ya ragu tukuna.

Mai yini ɗaya zai yanke abin da hannunsa ya ji, ya bar gefe-gefen ciwon, bai taɓa kaluluwar hammata ba, ya nuna muku naman a kwano ku yi hamdala, ya jefar. Bayan 'yan watanni abu ya dawo a kan tabon, ya fashe yana wari, kuma babu naman farko da za a gwada. Daga nan sai a ce "ai daji ba ya son ƙarfe", a koma wajen mai shafe-shafe ya ƙara ƙona fatar. Ba ƙarfe ne ya yaɗa shi ba, rabin aiki ne da jinkiri. A ƙarshe dai Asibitin Malam ɗin za a kawo ta, a ɗauke, lokacin da ciwo ya kai huhu ko ƙashi. In ta rasu a can sai a ce ɗalibai sun kashe ta, labarin ya hana wata zuwa. Ko a asibitin kuɗi na gari za ku yi, kada ku yarda a cire komai daga jikinta ba a sa shi a kwalba da ruwan adana nama an kai gwaji ba.

Ba zan yi wa asibitin kwalliya ba. Za ki sha layi wajen yankar kati, wajen biyan kuɗi, wajen hoto. A kan nemi fayil a rasa, a ba ki ranar dawowa mai nisa, yajin aiki ya faɗo a tsakiyar magani. In aka kai ga gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, ana iya tura ku Zariya, Sakkwato ko Abuja, kuma injinan kan lalace. Wannan laifin masu riƙe da kuɗin lafiya ne, kuma abin kunya ne, amma bai zama hujjar komawa lungu ba.

Ku isa da sassafe da takardar turawa, da duk sakamakon da aka taɓa yi, da kwalayen magungunan da take sha, musamman na hawan jini ko suga. Ku tambayi ranar da likitocin tiyata ke ganin masu ciwon mama. Ki ɗauki hoton kowace takarda a wayarki, ki rubuta lambar katin da sunan kwansaltan ɗinta. In an ba ku rana mai nisa, ki koma wajen nas ɗin sashen ki nuna mata inda aka rubuta ana zargin daji. In kuɗi ya gaza, akwai ofishin jin-ƙai na asibitin, in kuma tana da inshorar lafiya ku karɓo lambar izini daga asibitinku na farko kafin ku taso. Ki tafi da ɗaya daga cikin kawunnan nan, wanda ya fi kowa ɗaga murya, ya zauna a gaban kwansaltan ya yi tambayoyinsa da bakinsa.