Koyon zane da fentin mai ta hanyar kwaikwayon cikin ɗaki

Ka tambayi dalilin da launukanka ke cakuɗewa su yi duhu duk lokacin da ka gwada zana cikin ɗaki da fentin mai. Gaggawa ce, domin wannan fenti kan ɗauki kwanaki kafin ya bushe.

Fara da fitar da layukan bango, taga da tebur, sannan ka shimfiɗa inuwa da fenti tsinkakke mai launin ruwan ƙasa. Idan ya bushe, sai ka ɗora fenti mai kauri, wanda ya fi mai, don kada ya tsattsage daga baya. Dubi zanukan Johannes Vermeer na ƙasar Holan, yadda haske ke shigowa ta tagar hagu ya kwanta a bango. Kada ka duhunta inuwa da baƙi zalla, kuma ka buɗe tagogi saboda warin sinadarin da ake tsinka fenti da shi. Idan kujeru suna karkacewa a zanenka, nemi malamin zane ya nuna maka ma'aunin nisa, wato yadda ake nuna kusa da nesa a zane.